A Bar Mana Hutun Shuka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda ya tashe mu lafiya, ya kuma tara mu a inuwa ɗaya.

Mai girma shugaban taro, mamallakin wannan masana'anta tamu ta matsar man gyaɗa, Alhaji Ladan. Mai girma manajanmu mai barin gado, wanda dominsa aka kafa rumfunan nan, Malam Babayo, tare da uwargidansa Hajiya Zinariya. Mai girma sabon manajanmu, Injiniya Mansir. Malam liman da ya buɗe mana taro da addu'a, da fasto da zai rufe mana da ita. Dillalan gyaɗa na Kasuwar Muda Lawal, waɗanda yau kaɗai za mu rabu da su ba a yi musu ba. Direbobinmu da masu gadinmu. 'Yan'uwana ma'aikata maza da mata, da iyalanmu da suka rako mu: assalamu alaikum wa rahmatullahi, barkanmu da war haka.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hamsatu Mika'ilu, daga sashen ɗura mai a jarka. Ni ce shugabar ƙungiyar ma'aikata, kuma an zaɓe ni ne ba don na fi kowa sani ba, sai don an lura ba na jin tsoron ƙofar ofis.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga Alhaji Ladan da ya sa aka kashe injuna tun azahar don kowa ya samu zama. Ina godiya ga Dorcas da Fati da sauran matan da suka wuni a gaban tanda, suka toya mana masar da ko a cikin gari ba a cika samun irinta ba. Wanda ya ci ya ƙara, mun gan shi, kuma mun yafe masa.

An umarce ni in yi magana a kan abin da ke sa ma'aikaci walwala a wurin aikinsa, da abin da ke wuyan manaja a cikin wannan. Kafin in shiga, bari in ajiye kayana a fili, kada wani ya ce Hamsatu ta yi masa kwanton ɓauna. Na zo da yabo, na kuma zo da roƙo. Yabon na Malam Babayo ne. Roƙon kuwa ga Injiniya Mansir yake, kuma ya san da shi, domin na same shi a ofis makon jiya na gaya masa, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai yi tunani ya ba mu amsa yau. Roƙon shi ne a bar mana hutun shuka. Baƙinmu ba su san shi ba, zan bayyana musu. Abin da nake so kowa ya riƙe tun yanzu shi ne, akwai mutum a cikinmu, Habila Toma, mai kula da babban injin matsa, ga shi can zaune da matarsa Liatu, wanda idan hutun nan ya wuce shi bana, dole ya zaɓi ɗaya tsakanin aikinsa da gonar mahaifinsa. Da izininsa nake ambaton sunansa.

Abu na farko, jama'a, ma'aikaci ba ya walwala a wurin da sai ya yi ƙarya yake samun biyan bukatarsa.

Tsofaffin ma'aikata shaiduna ne. Kafin zuwan Malam Babayo, ba a taɓa ganin masana'antar da ake rasa kakanni kamar tamu ba. Duk tsawon rani dangin kowa lafiya lau, ko ciwon kai ba a ji. Amma ranar da ruwan shuka ya sauka, washegari sai ka ga layi a ƙofar manaja, kowa ya sunkuyar da kai, kowa ya yi rashi. Wannan kakarsa ta rasu a Dass, wancan gwaggonsa a Bogoro, wani kuma kawun mahaifiyarsa a Darazo. Akwai wanda ya yi ta binne tsohuwa ɗaya har muka gaji da yi masa ta'aziyya. Su tafi zaman makoki, su dawo da kanta a tafin hannu da jar ƙasa a farce, mu kuma mu ce musu Allah ya ji ƙanta, su amsa da amin ba tare da sun kalle mu ba.

Kuna dariya, ni ma ina yi, amma a lokacin abin ba na dariya ba ne. Manajojin da suka gabata sun san gona ake zuwa. Ma'aikata sun san cewa an sani. Manaja yana ganin an raina masa hankali, sai ya riƙa huce haushi a kan kowa. Ma'aikaci yana ganin an mai da shi maƙaryaci a kan abincin gidansa, sai ya riƙa aiki da ƙunci. Magidanci mai furfura ya tsaya gaban manajan da bai wuce sa'an ɗan cikinsa ba yana ƙirƙiro gawa, don kawai ya je ya zuba iri a ƙasa. Wannan wulakanci ne, ko da ba wanda ya ɗaga murya.

Sai Allah ya kawo Malam Babayo. A daminarsa ta farko, Baba Elias, wanda a lokacin yake sashen suyar gyaɗa, ya shiga ofis ya ce kakarsa ta cika. Ga Baba Elias can ya rufe fuska da hula, shi ma ya ba ni izini, ya ce tun da ya yi ritaya ba abin da za a yi masa. Malam Babayo ya yi masa gaisuwa, ya sallame shi. Washegari kuma ya yi abin da wani manaja bai taɓa yi ba: ya ce ai ba ya kyautu ma'aikacinsa ya yi rashi bai taka ba. Ya sayi goro da sabulu, ya shiga motar kamfani, ya kama hanyar Dass, ya yi ta tambaya har ƙofar gidan. Da ya yi sallama, wa zai amsa? Marigayiya. Tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗar iri. Ta tashi da ƙarfinta ta kawo masa ruwa, ta tambaye shi gajiyar hanya, ta nuna masa hanyar gona da bakinta.

Ya tarar da Baba Elias a duƙe. Baba Elias ya ɗago ya ga manaja tsaye a bakin gona da ƙullin goro a hannu, ya ce a ransa shi ke nan, aiki ya ƙare. Malam Babayo ya ce masa: "Sannu da aiki, Elias. Marigayiya tana gaishe ka. Ina ne ya rage ba a shuka ba?" Ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya karɓi ƙwaryar iri. Direban da ya kai shi ya rantse mana cewa layin da manaja ya shuka ya fi kowane karkacewa a gonar, amma sai da ya kai shi ƙarshe.

Da ya dawo ya tara mu a nan, a wannan fili. Bai ambaci sunan kowa ba, bai kuma kunyata kowa ba. Labarin nan sai bayan shekaru muka ji shi daga bakin Baba Elias da kansa. Abin da ya ce kawai shi ne: "Daga yau kada wanda ya sake kashe mini tsohuwa. Mai gona ya zo ya ce yana da gona." Ya nuna mana cewa lokacin shuka shi ne lokacin da gyaɗa ke yin ƙaranci a kasuwa, injuna ma ba sa samun cikakken aiki, to mene ne amfanin tsare mutum a gaban inji yana hamma, alhali zuciyarsa tana can cikin kunya? Nan aka haifi hutun shuka: 'yan kwanaki da ake ba duk mai gona ya je ya zuba iri, albashinsa cikakke, kansa a ɗage. Tun daga shekarar tsofaffinmu suka samu tsawon rai.

Abu na biyu, ma'aikaci yana walwala a ƙarƙashin manajan da idan ya yi kuskure aka gaya masa, zai ji.

Kada ku ɗauka Malam Babayo ya gano hanya tun tashin farko. Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, yau ranar yabo ce amma sai na faɗi wannan. A shekara ta gaba, da yake mutum ne mai son tsari, ya ɗauki kalanda ya zaɓi mako guda a watan Mayu, ya ce wannan ne makon shuka, kowa ya tafi a lokaci ɗaya. Aka kulle injuna, aka watse. Ruwa kuwa bai ga kalandar ba. Mutane suka je ƙauye suka zauna a gindin bishiya suna kallon sama, sama tana kallonsu. Makon ya ƙare ba ɗigo, suka dawo da irinsu a buhu. Suna dawowa aiki hadari ya haɗu, aka sheƙa ruwa. Washegari na ga wasu sun fara taruwa a ƙofar ofis suna gyara fuska, na ce to, ga tsofaffi can za su sake shiga uku.

Wani manajan da sai ya ce ai na ba ku, kun ɓarar, ba ruwana. Malam Babayo ya fito ya zauna a kan buhun gyaɗa, ya ce shi ɗan birni ne, a unguwar Ɗan Iya aka haife shi kamar ni, a koya masa yadda abin yake. Manoma suka gaya masa abin da kowane manomi a jihar nan ya sani: ruwa ba ya sauka rana ɗaya. Yakan fara ta kudu, wajen Bogoro da Tafawa Balewa da Dass, sai ya yi ta takowa a hankali har ya kai Ganjuwa da Darazo da Ningi. Lokacin da mutumin Bogoro ke shuka, na Darazo ko ƙamshin ƙasa bai ji ba. Malam Babayo ya yi dariya, ya ce ashe Allah ya riga ya raba mana aikin, mu ne muke wahalar da kanmu.

Daga nan aka ajiye kalanda, aka bi ruwa. Idan ya sauka a kudu, 'yan kudu su tafi, 'yan arewa su riƙe musu aiki. Kafin ya isa arewa 'yan kudu sun dawo, sai su karɓa, 'yan arewa su tafi. Injuna ba su sake tsayawa ba. Kuma ga abin da ba wanda ya tsara shi: tun da sai ka riƙe wa wani aikinsa, dole ka koyi aikin nasa. Mai suya ya iya tacewa, mai tacewa ya iya matsa. Mutumin Darazo da mutumin Bogoro, waɗanda a da gaisuwa ce kawai ke haɗa su, suka koma kowa yana yi wa ɗan'uwansa addu'ar ruwa da gaske, domin ruwan wancan ne ke buɗe hanyar nasa. Na sha ganin mutum ya fito daga sallar asuba yana buga waya yana tambaya ko an yi ruwa a garin da bai taɓa takawa ba.

Za ku ce, to ku 'yan birni fa, da ba ku san kan fartanya ba? Ni ce na fara tada wannan ƙorafi, kuma na tada shi da ƙarfi, wanda ya san ni ya san ba na rage murya. Malam Babayo ya ce gaskiya ne, wanda ya riƙe wa wani aiki da damina, shi ma a riƙe masa ranar tasa bukata. Mu muka riƙa ɗaukar namu a goman ƙarshe na azumi, wasu a Kirsimeti, wasu ranar bikin 'ya. Sannan idan kaka ta yi, sai ka ga ƙullin acca ko sabon wake a ajiye a gefen kujerarka, ba suna, ba bayani. Ni da ban taɓa shuka ko tsinke ba, yarana sun tashi suna cin sabuwar masara kafin ta shigo kasuwa.

Abu na uku gajere ne, amma ina so Injiniya ya ji shi da kyau: ma'aikaci yana walwala idan an amince masa, kuma wanda aka amince wa ya fi mai gadi tsaron amana. Hutun nan ba sakaci ba ne. An taɓa samun wanda ya ce ruwa ya sauka a garinsu, ashe biki ya tafi Jos. Malam Babayo bai ma kai ga ji ba, abokan aikinsa suka zaunar da shi suka wanke shi tas, domin sun san idan mutum ɗaya ya ɓata abin, na kowa ya ɓaci. Bai sake ba, kuma ba wanda ya sake bayansa.

Wannan shi ne mutumin da muke sallama yau. Bai ƙara mana awa a rana ba, bai sauko mana da farashin kaya a kasuwa ba, amma ya sa muna shigowa ƙofar nan da safe ba tare da nauyi a ƙirji ba. Malam Babayo, muna son ka, kuma za mu yi kewarka, na faɗa a gaban Hajiya ba na jin kunya.

Yanzu na juyo gare ka, Injiniya Mansir, ranka ya daɗe.

Jama'a, kada wanda ya fita daga nan ya ce na zana shi a matsayin mugu. Tun da ya zo yana karɓar aiki daga hannun Malam Babayo mun ga alheri a tare da shi. Ya sa an buɗe tagogi a ɗakin suya inda zafi ke dafa mutane. Ya kawo sabon injin matsa, ya tsaya a kansa har aka kafa shi. Hujjarsa kuma hujja ce. Ya ce mini yanzu akwai manyan masu saye daga Kano da Jos da ba su san damina ba, mai suke so a kan lokaci. Ya ce inda ya yi aiki a da ba a san irin wannan hutu ba. Ya kuma ce ko da ya bar wa kowa, sabon injin ba kamar tsohon ba ne, Habila kaɗai aka horar a kansa, ba mai riƙe masa, kuma idan injin ya tsaya, masana'anta ta tsaya. Ban iya musa ko ɗaya daga ciki ba.

To ga abin da ke gefe guda. Bara mahaifin Habila ya rasu. Wannan rasuwa ta gaskiya ce, mun cika mota mun je, mun ga kabarin a gefen gona. Mahaifiyarsa, Mama Matta, ita kaɗai ta rage a gidan, kuma bayanta ba ya duƙuwa. A danginsu ba a barin gonar gado ta kwana damina ba shuka. Idan ɗa bai zo ya zuba iri da hannunsa ba, baffanninsa za su miƙa ta ga wanda zai noma, kuma abin da aka miƙa ba ya dawowa da sauƙi. Sun riga sun aiko masa. A nan kuma ga yara a makaranta, ga haya, duk a kan aikin nan suka dogara. Mutumin da muka sani da waƙa a gaban inji, makonnin nan ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Liatu ta gaya mini tuwo ma sai ta yi da gaske yake ci. Ku dubi sama ta wajen kudu, hadari ya fara haɗuwa da yamma, magana ba ta wata mai zuwa ba ce.

Ranka ya daɗe, ba mu zo da barazana ba, ba mu zo da yajin aiki ba. Mun zo ne mu ce maka injin ƙarfe ne, idan ya lalace kai ka san yadda ake gyara shi. Amma idan mutum ya rasa gonar ubansa saboda aikinmu, zai ci gaba da zuwa kowace safiya, zai kunna injin, zai kashe shi, kuma ba za mu sake jin waƙarsa ba. Muna roƙonka don girman Allah, muna roƙonka don darajar dattijon da kake gada, muna roƙonka don waɗannan fuskoki da za ka riƙa gani kowace rana: a bar mana hutun shuka, kuma a samar wa Habila hanya.

Mai girma shugaban taro, na ga Injiniya ya miƙe. Da izininka zan dakata. Jama'a, a yi shiru, yara a zauna.

To! Alhamdu lillahi. Na gaba sun ji, shi ya sa kuka ga sun tashi tsaye. Ku na baya ba ku ji ba, ku bar tafi tukuna in maimaita muku yadda ya faɗa, kada gobe a ce Hamsatu ta ƙara gishiri.

Ya ce hutun shuka yana nan, bana da baɗi, muddin yana kan kujerar. Ya ce amma da sharaɗi, kuma sharaɗin gaskiya ne: kafin wata damina sai an horar da wasu a kan sabon injin, ɗaya daga kudu, ɗaya daga arewa, don kada aiki ya sake rataya a wuyan mutum guda. Na karɓa a madadinku. Sai maganar bana. Ya ce ya yi ta neman wanda zai riƙe wa Habila bai samu ba, sai da ya tuna cewa a duk masana'antar nan akwai mutum na biyu da ya san injin ciki da waje. Ga kalmominsa: "Ranar da ruwa ya sauka a garinsu, Habila ya tafi. Ni zan rufe ofis in sa rigar aiki in tsaya masa har ya dawo."

Injiniya, Allah ya saka da alheri. Zafin wurin ba wasa ba ne, muna gaya maka tun yanzu, amma ruwan sanyi ba zai yanke maka ba, wannan alkawarin matan sashenmu ne.

Habila, ɗago kanka. Ba abin kunya ba ne namiji ya yi hawaye a rana irin ta yau, ga Malam Babayo ma can yana share nasa. Ba sai ka jira an tashi taro ba. Fita waje inda ba hayaniya, ka kira Mama Matta, ka ce mata ta fito da iri, ɗanta yana zuwa.

Allah ya ba Malam Babayo hutu mai daɗi da lafiya mai ɗorewa, ya albarkaci zuri'arsa. Allah ya riƙa wa Injiniya Mansir, ya sa ya gama lafiya kamar yadda ya fara da alheri. Allah ya ƙara wa Alhaji Ladan buɗi, ya tsare masana'antar nan daga gobara da asara. Allah ya ba mu damina mai albarka daga kudu har arewa, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.